Tsarkiya ta Biyar

Jitar ba ni na saya ba, albashin malamin firamare ba zai kai ko kusa ba. Ta yayana ce, wanda ya daɗe yana kiɗa a otal-otal na Legas. Da ciwo ya ci ƙarfinsa ya dawo gida, kafin ya rasu ya ce a ba ni ita, don ni kaɗai na koyi kiɗa a hannunsa. Jitar bes ce, mai zurfin murya, wadda ƙirji ke fara ji kafin kunne. Ya ce wani mutum ne a Turai ya sassaƙa ta da hannunsa, shi kaɗai a shagonsa. Ba fenti a jikinta, mai kawai aka shafa wa katakon, kana ganin jijiyoyin itacen kamar ruwa na gudu. Tsarkiya biyar gare ta, ta biyar ɗin ta fi duka kauri. In na ja ta, har kwanon rufi yakan amsa.

Na taho da ita Birnin Gwari inda nake koyarwa. Ranar Lahadi ina kaɗa ta a coci, lokacin kaka kuwa ni da abokan kiɗana mukan je biki har Damari. Da daji ya lalace, bukukuwan ƙauye suka mutu. Mai yi mana ganga ya kwashe iyalinsa ya koma Kaduna. Ya rage daga ni sai jitar, a ɗakin da nake haya.

A shekarar ne mai gidan ya sauki wasu danginsa da suka gudo daga wani ƙauye na wajen Kuyello: wata tsohuwa, da ɗanta magidanci, da matarsa da 'ya'yansu. Bango ɗaya ya raba ɗakina da nasu. Tsohuwar ba ta cika magana ba. Inna nake ce mata. Kullum in na dawo daga makaranta nakan tarar da ita a gindin bango tana ɓare gyaɗa, mu gaisa, shi ke nan.

Wata rana bayan la'asar aka kawo wuta, bayan an daɗe babu. Na yi murna. Na jona jitar da lasifika, na ƙara murya, na fara da tsarkiya ta biyar, ina ja a hankali ina barin ƙarar ta yi ta gurnani. Sai na ji faɗuwar kwano a tsakar gida, da kukan yara. Na fito da jitar a wuyana. Gyaɗa ta watse ko'ina. Inna na kwance a bakin zaure, ta danne ƙaramar jikarta da jikinta, hannunta ɗaya a lanƙwashe. Gudu ta tashi yi da yarinyar, ta yi tuntuɓe da dokin ƙofa.

Aka kai ta wurin mai ɗori, wuyan hannun ya karye. Washegari ɗan nata ya yi sallama a ƙofata. Na yi zaton faɗa ya kawo. Ya zauna a bakin tabarma, ya daɗe yana kallon jitar.

"Malam, ba laifinka ba ne," in ji shi. "Ranar da 'yan bindiga suka shigo mana, haka muka fara ji. Babura da yawa in suna tahowa daga nesa, ba ƙara ake ji ba, ƙasa ce ke rawa. Mahaifina yana gona a ranar, bai dawo ba."

Na ba shi haƙuri. Ya ce shi bai zo hana ni sana'ata ba, in dai zan kaɗa, in aika a gaya wa Inna tukuna.

Ban sake jona jitar da wuta a gidan ba. Nakan ɗora ta a cinya in yi ta ja haka nan, sai 'yar ƙarar waya ke fita. Abin da ya fi damuna shi ne coci. Nakan tsaya a gaba ina kallon fuskokin mutane, da yawansu su ma gudowa suka yi, ina tunanin wa ke jin babura a cikinsu ya yi shiru. Hannuna ya fara kauce wa tsarkiya ta biyar da kansa. Shugaban mawaƙa ya ce kiɗan ya yi sanyi, ko ba ni da lafiya ne. Na ce masa gajiya ce.

Da hannun Inna ya fara warkewa, ita da kanta ta aiko in kawo mata abin ta gani. Na kai mata tsakar gida. Ta shafa katakon da lafiyayyen hannunta, ta tambaya ko maɗaci ne. Na ce ban sani ba, itacen wata ƙasa ne.

"Wanda ya yi shi ya iya sassaƙa," ta ce. "Taɓa in ji, ɗan nan."

Na kaɗa mata siraran tsarkiyoyin ba tare da wuta ba. Ta kawo kunnenta kusa, ta saurara har na gama. Sai ta miƙa yatsa ta nuna mai kaurin.

"Wannan ce?"

Na ce ita ce. Ta janye hannunta, ta ce in mayar da abin ɗaki, rana za ta ɓata shi.

Kafin damina suka tashi zuwa Zariya, wurin wata 'yarta. Mai gidan ya zuba wasu baƙin a ɗakin, su kuma daga Kutemeshi. Ranar da suka iso na taya su sauke kaya, akwai mace mai ciki a cikinsu. Da na koma ɗaki na naɗe wayar lasifikar na tura ƙarƙashin gado.