Sabon Bututu a Tsohuwar Bindiga

Rubuta yadda na faɗa, ɗana, kada ka gyara mini. Ɗazu da kake ɗiga wa ƙofar ɗakin nan naka na unguwar Al Mirqab mai, warinsa ya mayar da ni maƙerar mahaifinka. Shi ya sa ka juyo ka ga ina kuka.

Duk bindigar da ya sauya wa bututu, ba ya miƙa wa mai ita sai ya fara harbawa da kansa. Yakan ce, "Ni na ɗaura, ni zan fara tsayawa a bayanta."

Ranar nan wani maharbi ya kawo irin bindigar nan mai hannun da ake ja ta ƙasa, bututunta ya tsage. Malam, mahaifinka, ya wuni yana gugar sabon da magagari, har tuwonsa ya huce.

Maharbin ya ce, "Baba, kawo in gwada, yamma ta yi."

Malam ya ce, "Kana da ƙananan 'ya'ya. Koma bayan katanga."

Ina tsakar gida na ji ƙarar, na san ba irin wadda na saba ji ba ce. Bindigar ce ta fashe a hannun Malam. Maharbin ne ya shigo da shi a kafaɗa, rigarsa na ƙaurin albarushi. Bai ƙara magana ba har ya cika.

Allah ya sanyaya masa kabari, ya sa 'ya'yan maharbin nan su riƙa saka shi a addu'a.