Sakin Layin da Malam Ya Soke

Ina ajin ƙarshe na sakandare a Funtuwa aka ba ni aikin rubuta takarda kan yadda za a gyara Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta kasa kare fararen hula a Gaza. Ni zan karanta ta a taron ɗalibai. Mako biyu na yi ina bincike, na cika littafi guda, amma ban san ta inda zan fara ba.

Da na je gida Maska, na tarar da Baba yana ɓare masara, rediyo na gefensa. Yana cikin dattawan da mai unguwa kan tura su duba ɓarna idan shanu sun shiga gona. Na yi masa bayanin kujerar na-ƙi: ƙasa ɗaya cikin manya biyar na majalisar ta ce a'a, magana ta mutu.

Ya ce, "Ko da mai ɓarnar abokinta ne?"

"Ko da abokinta ne, Baba."

"Kai! Mu nan ko surukin mai shanu ba ya bin mu gona. Gida yake zama har mu dawo."

Da wannan na buɗe takardata, na kuma nemi duk ƙasar da ke da hannu ko aboki a rikici ta koma gefe ranar yanke hukunci. Sau uku na sake kwafe ta saboda tsafta.

Malamin da ke shirya taron ya ja jan biro a kan sakin layin. "Maganar duniya ake, kana kawo mana shanun Maska? Rubuta 'muna kira da babbar murya.'" Wato abin da rediyon Baba ke maimaitawa kullum, ana ci gaba da tono yara daga ɓaraguzai. Na ce to, raina a ɓace.

Ranar taro na daure na karanta abin da malamin ya soke, ban tsallake kalma ba. Na zauna ina jiran faɗa.

Da aka tashi sai malamin ya dafa kafaɗata. "Ka ga amfanin jin magana? Sai dai ka riƙa ɗaga murya, ko mu na gaba ba mu ji ka ba."

Baba bai tambaye ni yadda aka ƙare ba, ni ma ban tayar da zancen ba.