Layin Nasa Ne, Kuskuren Nawa Ne

Shekarun baya na yi aiki da wata ƙaramar ƙungiya a nan Sakkwato, mai ɗaukar hoton tsofaffin littattafan hannu kafin gara da ruwa su gama da su. Gidajen malamai ke ba mu aro, mu ɗauki hoto, mu mayar. Kowane littafi yana da lamba biyu: ta gidan da ya fito, da ta kantar da muka ajiye shi. Mu biyu ke rubuta manhajar da ke riƙe wannan bayani, ni da abokina. Ni jikan malamai ne, shi kuwa mahaifinsa mahauci ne, kuma tun ranar da aka ɗauke shi akwai masu yi masa kallon me ya haɗa kifi da kaska.

A lokacin ina ji da kaina ba kaɗan ba. Na rubuta wani makuro, wato ɗan guntun kod, umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, mai haifar da wani kod ɗin da kansa. Ka kira shi da layi ɗaya, ya rubuta maka hamsin a ɓoye. Sati guda na yi ina nuna wa mutanen da ba su tambaye ni ba.

Abokina ne ya fara amfani da shi, wajen buga takardun da ake liƙa wa gafakar littafi idan za a mayar. Sai kompaila, manhajar da ke duba kod kafin ya yi aiki, ta ƙi amincewa. Ta ja layi ƙarƙashin abin da ya rubuta, ta ce an sa lambar kantar ajiya inda ake jiran lambar gida. Har da shawara ta ba shi: ya ƙara kalma ɗaya da za ta mai da wannan lambar ta zama irin waccan.

Ya daɗe yana kallon allon kwamfutar, sannan ya juyo. "Malam, wagga shawara ba ta kwanta mani ba. Ni dai daidai nis sa su. Duba cikin naka."

Ban ko tashi daga kujera ba. Na ce, "Layin wa tan nuna? Naka ko nawa? Kompaila ba ta ƙarya, yi abin da tac ce." Ya ƙara kalmar. Jan layin ya ɓace, ni kuma na yi murmushin wanda ya ci gardama.

Da waɗannan takardu aka mayar da littattafai bakwai, kowanne gidan da ba nasa ba. Shida an gane da wuri. Na bakwai na wani dattijo ne na Ƙofar Dundaye, littafin da mahaifinsa ya kwafa da hannunsa, kuma gidan da aka kai shi sun ba wani ɗansu ya tafi da shi Nijar. Dattijon ya zo ofis da kansa, aka ba shi kujera ya ƙi, ya zauna ƙasa. Bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Amana nib ba ku. Wa yat taɓa mani ita?"

Shugabanmu ya sa aka buɗe tarihin aikin. Ga canjin nan, kalma ɗaya, da sunan abokina a kai. Kowa ya juya ya dube shi. Shi kuwa ni ya duba, sau ɗaya. Na tuna abin da ya ce mini, na kuma tuna abin da na ce masa, amma na gaya wa zuciyata ai ba yatsana ya danna ba. Ina ji wani ya ce ƙasa-ƙasa dama hannun da ya saba da wuƙa ba na littafi ba ne, ban tanka ba. Ƙarshen watan aka sallame shi. Littafin ya dawo bayan wata biyu.

Kusan shekara guda ta wuce kafin ni kaina na buƙaci makuron nan a wani aiki. Ina kiransa, sai ga jan layi ƙarƙashin nawa rubutun, da shawarar nan kalma da kalma. Abin da ya fi ba ni kunya ke nan: da yatsan ya nuno ni, nan take na ce ba zai yiwu ba. Na sa aka baje mini kod ɗin da makuron ke haifarwa. Ko minti biyar ban yi ba na gani. Ni na musanya lambobin biyu a ciki. Kompaila ta ga kuskuren, gaskiyarta, amma da yake yana cikin abin da aka haifa a ɓoye, sai ta ɗora shi kan layin mai kira. Shawarar tata kuwa ba gyara ba ce, toshe bakin ƙararrawa ce.

Na gaya wa shugabanmu, ya ce a nemo abokin nawa. Na same shi a kara, kasuwar dabbobi, yana duba haƙoran wani sa tare da mahaifinsa. Muka koma gindin bishiya, na kwashe komai na faɗa masa, na roƙi gafara.

"Na yahe ma tuni," in ji shi. "Aikin kau ku riƙe, nan ma ina cin abinci. Abu guda nika so. Ka tai ka hwaɗa ma tsohon nan ba ni na ba. Kullum ta ƙohwar gidanai nika bi da, yanzu zagayawa nikai."

Daga nan ban biya gida ba, Ƙofar Dundaye na nufa. Na yi sallama, wani ɗansa ya fito. Ya ce ai Malam ya rasu tun kafin azumi.

Na dai faɗa wa ɗan, ya saurara, ya ce Allah Ya kyauta. Amma ba shi ne ya zauna ƙasa a ofishinmu ba.

Yanzu duk wanda na koya wa aiki nakan ce masa idan kuskure ya fito a inda aka kira makuro, ya baje shi ya duba kafin ya bi shawara. Wannan darasin mai arha ne. Mai tsadar shi ne na san ba na'ura ce ta ruɗe ni ba, don da ta nuna layina ni ma, ban yarda ba. Na gaskata ta ne kawai ranar da ta nuna wani. Muna gaisawa da abokina har yau, yana zuwa sunan 'ya'yana. Amma ban taɓa samun ƙarfin halin tambayarsa ko ya koma bin hanyar nan ba.