Layar Inna da Garin Shinkafa

Zuciyata a kusa take tun ina ƙarama, kowa a gidanmu ya sani. Da na samu aikin nas a wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke gefen Jurf, wata unguwa a Madina, can wajen iyakar Harami, Inna ta sa malamin unguwarmu ya rubuta min laya, aka ɗinke ta da jar fata. Ta ce ta farin jini ce da ɗaukaka. Na san ƙasar da zan je, na san sunan da suke kiran irin wannan abu, amma wa zai ce wa Inna a'a? Na cusa ta cikin safa na taho da ita Madina.

A sakan, gidan da asibitin ya kama wa ma'aikata mata, aka haɗa ni ɗaki da wata Ba'indiya mai bin addinin Hindu. Siririya ce, ta ɗan girme ni, shekararta tara a wurin. Ita ke riƙe da uwarta da 'ya'yanta biyu a can garinsu, zamanta kuwa, kamar nawa, a hannun mai asibitin yake. Sif ɗaya muke sa kaya, ita hagu ni dama.

Kullum in na idar da sallar asuba, sai ta goge ƙasan gefen gadonta ta durƙusa da gwangwanin garin shinkafa. Da yatsu biyu take zubo garin. Ta zana gida mai ƙofa huɗu, cikinsa zagaye, cikin zagayen alwatika sun sarƙe juna, a tsakiya ɗigo guda. Ta zuba masa ido tana motsa leɓe, in ta gama ta share da tafin hannu ta zuba wa tsuntsaye a taga.

Ran nan na kasa haƙuri na tambaye ta.

"Sista, gidan Uwa ne," in ji ta. Uwa ita ce allahiyar da take bauta wa. Ta ce da ido ake shiga daga ƙofar waje, a kowane zagaye mutum ya ajiye abu ɗaya, nan fushi, nan kwaɗayi, nan hassada, har ya kai ɗigon ba ya ɗauke da komai.

Na yi a'uzubillahi a raina. A fili kuma na yi dariya na ce to ni a bakin ƙofa zan kwana. Ita ma ta yi dariya. A ranar ce na nuna mata layata, na ce ni ma ga abin da uwata ta ba ni. Ta karɓa da hannu biyu ta duba ta mayar min.

Abin da ke ƙona min rai, matar nan ba ta fushi. Mara lafiya ya zage ta tas, ta ci gaba da neman jijiyarsa. Ni kuwa na taɓa jifa da farantin allura a gaban mutane. Saboda haka da shugabar nas ta ajiye aiki, mudira, wato shugabar asibitin, sai ta zaɓi Ba'indiyar ta maye gurbinta. Ni mai digiri ina tsaye. Kwana uku abinci bai min daɗi ba, hassada ce tsagwaronta, ba zan sa mata wani suna ba.

A rana ta huɗu na ɗauki hoton zanen da wayata, Ba'indiyar tana zaune a gabansa. Mudira ta daɗe tana fama da ciwon kai, ta kuma sa a ranta sammu aka yi mata. Na ajiye mata wayar a kan tebur na ce, "Ni dai ban ce komai ba, amma ga abin da ake yi kowace safiya kafin a zo gaishe ki." Wallahi na san ba sihiri ba ne.

Bayan azahar mudira ta zo sakan da mai kula da gidan, wata Basudaniya. Suka sa mu tsaya. Mudira ta buɗe gwangwanin ta sansana, ta ɗanɗana, har ta murmusa ta ce shinkafa ce. Ta juya za ta fita kenan Basudaniyar ta miƙa hannu saman sif ta zaro safata. Na manta da ita sam. Aka kawo almakashi aka farke jar fatar, ga hatimi nan, gida-gida cike da haruffan Larabci da lambobi. Wannan kam sun san shi, da irinsa ake kai mutum gaban hukuma. Malam bai rubuta suna a ciki ba.

"Ta wace ce?" in ji mudira.

Ba'indiyar ta dube ni. Kallo kawai, tana jira.

Na ce, "Ni Musulma ce, me zan yi da wannan?"

Ba ta tona ni ba. Ko ta tona, wa zai yarda da mai bautar wani abu a kan wadda aka gani da carbi? Mai asibitin ba ya son 'yan sanda a ƙofarsa, sai ya buga mata takardar fita ƙasar ba dawowa, mako guda ta tattara.

Makon nan a ɗaki ɗaya muka yi shi. An ƙwace gwangwanin, amma kowace safiya tana durƙusawa a wurin ta kalli ƙasa ba zane. Ranar tafiya ma ta durƙusa a wurin. Ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Sista, kwana bakwai na kasa wuce ƙofar farko." Ta ja akwatinta, a bakin ƙofa ta tsaya ta ce in gaishe da uwata.

Ni aka ba muƙamin. Ranar Juma'a, bayan na dawo daga Masallacin Annabi, na kira gida na faɗa wa Inna. Ta rangaɗa guɗa, ta tambaye ni ko layar tana nan. Na ce tana nan.

"Kin gani ko? Ai na faɗa miki za ta yi aiki."

Na ce, "Ta yi, Inna."