Kifin Yayata Ya Ruɓe a Ɗakina

Lokacin da abin nan ya faru na haura arba'in, ina haya a Gwadangaji da mata da 'ya'ya. Boko aji uku na sakandare na tsaya. Na yi kabu-kabu har gwiwa ta gaza, na yi gadi, na yi dako, babu wanda na daɗe a kai. Abu guda na iya, latsa waya. Shi ya sa da na ga yara ƙanana suna saida atamfa da takalmi ta intanet suna hawan mashin sabo, na ce ni ma ba a bar ni baya ba.

Ina da yaya a Argungu, uwa ɗaya uba ɗaya. Mijinta masunci ne, ya rasu ya bar ta da yara, ta riƙe su da bandar kifi. Ba yabon gida nake ba, duk unguwarsu an san hannunta. Ba ta yarda da wuta mai ci, ƙaiƙayin shinkafa take zubawa hayaƙi ya shiga kifin a hankali, tarwaɗa ta fito ja, busasshiya, ka ɓare ta kamar biskit. Na je na same ta na ce ta riƙa ba ni ina saida wa mutanen Abuja da Legas ta waya. Ta yi dariya ta ce yaushe na fara abin da na ƙarasa. Na yi rantsuwa, ta yarda. Na ɗauke ta hoto tana tsaye gaban gangunan banda, na buɗe shafi da sunanta, har takarda na buga mai hotonta ina liƙawa a jikin kwali.

Da farko abin ya tafi. Sai halina ya dawo. Saƙo zai shigo ina zaune a majalisarmu ta Badariya muna dara, in duba in mayar aljihu in ce sai an jima. An jima ta zama gobe. Abokan zama suna kirana manajan kifi, suna cewa ofishina yana kan benci, ni kuma ina jin daɗi kamar sakarai. Motocin Abuja da sassafe suke lodi, ni ba na son tashin safe, sai na ƙirƙiro wa kaina dabara wai in bari oda ta taru in kai tasha lokaci guda.

Cikin damina wata Hajiya ta yi mini magana. 'Yar Argungu ce da ke aure a Abuja, 'yarta ta kusa haihuwar fari, tana son kifin gida na farfesun mai jego da na baƙin suna. Ta ce ta gane Yaya a hoto, tare sunka yi makarantar allo, don haka ba ta da shakka. Na kira Yaya, ta ji daɗi ƙwarai, ta zaɓo manyan tarwaɗa ta yi banda ta musamman. Da na je ɗauka ta ja mini kunne, ta ce damina ce, kifi ba ya kwana a rufe, ko dai in ba direba washegari ko in baje shi ya sha iska in sake nuna mishi hayaƙi. Na ce na ji, sai ka ce yaro take wa faɗa.

Ina isowa gida na zuba shi a leda don ya yi kyan gani, na sa a kwali na naɗe da salatif, na tura bayan ƙofa. Washegari anka tashi da ruwa, na ce gobe. Goben na makara. Hajiya ta tambaya, na ce yana hannun direba. Ta sake tambaya, na ce motar ta lalace a hanya. Matata ta ce ɗakin ya fara wari, na ce ta kula da tukunyarta. Sati ya wuce, wani ya bi bayansa, sai ga saƙon an haihu. Ranar na ɗauki kwalin a guje zuwa tasha. Na ji warin a cikin keke, mai keken ma ya waiwayo ya dube ni. Ban buɗe ba, don na san abin da zan gani, kuma ba na son gani.

Jajibirin suna Hajiya ta buɗe shi gaban mata cike da falo. Fumfuna ta rufe kifin, tsutsa na yawo a cikin leda. Ta ɗauki bidiyo har da takardar mai hoton Yaya, ta sa a guruf ɗin matan Argungu, tana cewa a ga abin da wadda ta yarda da ita ta aiko wa mai jego. Babu sunana a jikin kwalin. Fuskar Yaya ce kawai.

Yaya ƙaramar waya gare ta, maƙwabta ne sunka kawo mata bidiyon har gida. Ta kira ni, na ƙi ɗauka. Ta aiko direban da ke jigila tsakaninmu ya gaya mini cewa Hajiya za ta zo gida Sallah, in zo mu je tare gidan mahaifiyar Hajiya in faɗa da bakina cewa kifin lafiya ya bar hannun Yaya. Abin da ta roƙa ke nan, ba ta ce in biya komai ba. Argungu ba nisa, in ka hau mota da hantsi ka yi azahar a can. Na ce zan je bayan Sallar idi. Na ce a bari baƙi su ragu. Na ce a bari ran Hajiya ya huce. Gaskiyar ita ce kunya nake ji, kuma na saba duk abin da ya yi mini nauyi in ajiye shi bayan ƙofa. Hajiya ta gama hutunta ta koma.

Magana kuwa ba ta tsaya inda ta fara ba. Wasu sunka ce ruɓaɓɓen kifi take saye da araha, wasu sunka ce maganin ƙwari take fesawa. Masu yi mata odar biki sunka janye. Masuntan da ke kawo mata kamun safe sunka koma wa wasu.

Sai bayan an yanke shinkafa na je. Na tarar an kife gangunan a gefen katanga, ita kuma ta dawo daga inda take turara wa mutane shinkafa a biya ta ladan yini, idonta ja. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta ba ni ruwa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Na fara bayani, ta ɗaga hannu. Ta ce ita ba ta buƙatar ji, tun ranar ta san abin da ya faru, ita ta goye ni ta san ni. Ta ce lokacin da mutane ke tambaya ta yi ta cewa a jira ƙanenta yana zuwa, har anka fara yi mata dariya da maganar. Yanzu babu mai tambaya, kowa ya riga ya yanke abin da zai yarda da shi. Ta ce ta yafe don darajar mahaifiyarmu, amma kada in ƙara sa hotonta a ko'ina.

Na dawo na yi bidiyo na faɗi gaskiya, na tura wa Hajiya. Ta rubuto Allah ya kyauta. Ba ta sa shi a guruf ba, ban kuma ga laifinta ba.

Har yanzu ina sana'ar waya, shinkafar gida nake turawa. Saƙo in ya shigo a tsaye nake amsawa. Kaya in na karɓa ba na karyawa sai na ga direba ya ɗaure shi. In na yi kuskure ina kiran mai kaya kafin ya kira ni. Mutane na cewa na gyaru, ni ba na jin daɗin yabon, don na san wadda ta biya kuɗin karatun.

Ku masu saida kaya ta waya, musamman masu tallata kayan uwa ko mata ko 'yar'uwa, ku sani sunan wani kuke riƙe da shi. Jinkirin aika kaya yana da gyara. Wanda ya kashe ni shi ne jinkirin buɗe baki in ce ni ne. In akwai wanda ke jiran ka wanke shi, ka ajiye karatun nan ka tafi yanzu, tun mutane suna tambaya.