Matar da Ta Mutu Sau Uku

Da ƙarfe bakwai da kwata na yamma, wata Laraba, na ɓata mana hirar Inna da bakina. Na san lokacin daidai don na rubuta shi a kaye, littafin rubutuna na makaranta, kamar yadda nake rubuta komai a wancan zamani. Shekarata goma sha ɗaya.

Inna kakata ce ta wajen uba. Daga Damagaram aka kawo ta Lyon, gidanmu na unguwar Guillotière, saman shagon atamfar Baba. Ba mu da murhu, sai shofaj, abin ɗumama ɗaki na lantarki mai jan ƙarfe. Shi take jawowa gaban ƙafafunta bayan magariba, ni da ƙannena mu kewaye ta. Tatsuniyoyin kura da zomo ba su dame ni ba. Labarin uwar Tesi nake jira.

Tesi 'yar Filifin ce da suka yi aikin gida tare a Jidda, lokacin Inna na da sauran ƙarfi. Suna guga suna hira da guntun Larabcinsu. Uwar Tesi, in ji Inna, kifi take sayarwa a kasuwar Manila, wani mai shirya silima ya ji yadda take kiran masu saye, ya ɗauke ta, ya canza mata suna. Zamanin hoto baƙi da fari ne. In ta yi kuka a majigi, mata sukan fito da kumburarrun idanu. Sai yaƙi ya zo, wuta ta ci gidan silimar da duk faifan da ke ciki.

Ƙarshen labarin ne ba ya zama wuri ɗaya. Ran nan ta nutse a teku. Wani dare ta makance, ta mutu tana waƙa. A Larabar nan kuma soja ya harbe ta a bakin coci. Sai na buɗe kayena, na karanta wa Inna ranaku da mutuwa uku, na tambaye ta wacce ce gaskiya. Ƙannena suka kwashe da dariya.

Inna ta ɗan dube ni. "To, Malama, tunda kin kama ni, ai shike nan."

Ba ta yi fushi ba. Ta ci gaba da ba ni ƙanzon tuwo kamar kullum. Amma ba ta sake ambaton uwar Tesi ba, ni kuma kunya ta hana ni roƙo, har na girma.

A Paris nake karatun tarihin silima yanzu. Bara, a ɗakin karatu, ina duba takardun tallar tsofaffin finafinan Filifin waɗanda faifansu suka ɓace, na lura 'yar wasa guda takan mutu a fim ɗin bana, ta sake mutuwa a na baɗi. Na daɗe zaune ban juya shafi ba. Ashe ba mantuwa ce ta kama Inna ba. Finafinan da babu wanda zai sake gani take ba mu, ɗaya bayan ɗaya, ni kuma na tsayar da ita kamar mai gyaran jarrabawa.

Na hau jirgin ƙasa zuwa Lyon ran Asabar. Bayan gaisuwa na durƙusa gefen gadonta, na ba ta haƙuri, na gaya mata abin da na gano. Ta yi dariya har da tari. Na tambaye ta, to ita uwar Tesi ta ainihi, yaya ta ƙare?

"Da ranta na bar Jidda, jikata. Tana ɗinki a ƙauyensu, Tesi na aika mata maganin ciwon gwiwa. Ita ma Tesin ba ta taɓa ganin fim ko ɗaya ba, a bakin uwar ta ji su. Saura biyu ban ba ku ba. Gyara min matashin nan, ki zauna."