Jirgin Agali Maƙeri

Har gobe ban manta da ranar Lahadin da Agali maƙeri ya tsaya a ƙofar shagona ba, kasuwar Tawa ta cika maƙil, ya ɗaga ɗan jirginsa sama ya ce injin da na sayar masa jabu ne.

Ku da kuka shigo sana'ar nan daga baya kun tarar da ni da shago. Da tebur guda na fara, tocila da batir. Daga nan kayan rediyo, daga nan sola. Da mutane suka fara ganin ƙananan jirage a waya suna tambayata, sai na yi odar injuna da farfela da telekomandi, wato akwatin da ake riƙewa a hannu ana tuƙa jirgin daga ƙasa. Ba a lakwal, wato makarantar boko, na koyi abin ba. Jiragena huɗu na fasa a fako kafin na biyar ya yarda ya zauna a sama.

Jikin jirgin da farin soson kwalin firij muke yi, a ƙarfafa shi da tsinken gora. Fiffike kuma da roba ake ɗaure shi, ba da gam ba, don in an faɗi ya fita maimakon ya karye. Dokar shagona ɗaya ce: duk wanda ya haɗa jirgi da kayana, ya kawo mu auna kafin ya tashe shi. Awon ba wuya. Ka sa batir a ciki, ka ɗora jirgin a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike, wajen kashi ɗaya cikin uku daga bakinsa na gaba. Ya kwanta daidai, ko ya ɗan sunkuyar da kai. Mai nauyin kai ana iya lallaɓa shi har ya sauka. Mai nauyin wutsiya ba ya jin magana.

Agali mutumin Takanamat ne, maƙerin azurfa da sirdin raƙumi, dattijo mai hannu. Jirgin da ya haɗa ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba. Ya kawo, na auna da kaina, ya kwanta lafiya lau, na ce ya je Allah ya ba da sa'a. Bayan kwana goma sai ga shi da hancin jirgi a liƙe, farfela biyu a karye cikin aljihu.

"Alhaji Arzika," ya ce, da ƙarfi yadda har mai tsire na tsallake ya juyo, "jirgi ka saida min ko ɗan akuya? Da na sake shi sai ya miƙe tsaye, ya yi tutsu, ya hwaɗo da ka. Sau biyu!"

"Malam Agali, shigo mu sha shayi tukuna."

"Shayinka ma ban yarda da shi ba."

Mutane suka yi dariya. Ni ma na yi, amma ta baki ce kawai. Ɗan kasuwa sunansa ne jarinsa, kuma maganar da aka faɗa a kasuwar Lahadi kafin la'asar ta isa Bambeye a bayan babur. In aka ce kayan Arzika jabu ne, ba injin jirgi kaɗai zai kwana a kanta ba, har sola da tocila.

Don haka a gaban kowa na bi tsarin da nake koya muku. Na gwada batir, cike yake. Na cire fiffike, na riƙe jikin jirgin na kunna inji ba farfela, ya yi kuka sumul babu gargada. Na sa ya nuna mini yadda ya ɗaura farfelar da ta karye, rubutunta na kallon gaba kamar yadda ya kamata, domin in aka juya ta inji zai yi ta ihu ba ƙarfi. Na motsa sandunan telekomandi, wutsiya ta amsa dama a dama, sama a sama.

"Ka gani?" na ce.

"Bisa tebur kowa jarumi ne. Tashe shi."

Ya yi gaskiya. Sai dai farfela guda ce ta rage mini a shagon kaf, sabon kaya kuma sai bayan makonni. Na ce masa mu je fili. In laifin injina ne, ran Lahadi mai zuwa ni zan tsaya inda ya tsaya in faɗa da bakina.

Ran Litinin na je na sanar da hukuma wuri da lokaci. Wannan kada ku yi wasa da shi. Yadda ƙasa take yanzu, ba a tada komai sama sai da saninsu, ko da na soso ne. Aka ba mu safiyar Talata kawai, kafin hantsi ya yi zafi. Hakan ma ya yi mini, don iskar dutsen Adar da rana ta ɗaga ba ta san jirgin kowa ba.

Muka fita wani fako a hanyar Kalfu, an gama girbin hatsi, fili fetal. 'Yan kallo kusan rabin layinmu na kasuwa. Har da mahaifiyar Agali, tsohuwa mai ɗinkin fata da ta zo cin kasuwa ta ƙi komawa sai ta ga ƙarshen maganar. Ta shimfiɗa tabarmarta a gindin aduwa kamar alkali.

Na ɗaura farfelar ƙarshe. Na watsa ɗan yashi na ga inda iska take fitowa, don fuskantarta ake yi a jefa. Na ɗaga jirgin zan sake shi ke nan, sai na ji bayansa yana jan tafina ƙasa. A nan na gane kuskurena. Ran Lahadi na duba komai ban sake awo ba, saboda na riga na auna da hannuna, kuma mutum ba ya son tuhumar hannunsa.

Na kashe inji na ɗora shi a yatsu biyu. Wutsiya ta yi ƙasa, hanci ya kalli sama.

"Malam Agali, me ka ƙara masa bayan ka bar shagona?"

"Ban ƙara komi ba."

"Ko gam? Ko fenti?"

"Na ce ma komi. Kai kanka ka auna shi."

Na leƙa ramin bayan jirgin na ga bakin jan zare. Na jawo a hankali. Sai ga laya, ɗinkin jar fata mai kyau, da 'yan tuntaye da ƙaramin zoben tagulla.

"Wannan fa?"

"A'a, wanga ai laya ce," in ji Agali. "Laya kaya ce?"

Tsakaninsa da Allah yake faɗa. A wurinsa ba a lissafa laya cikin nauyi, kamar yadda ba ya lissafa rawanin kansa.

Na ce to a cire ta. Kafin in rufe baki tsohuwa ta miƙe daga tabarma.

"Kai mai shago, ni na ɗinka ta. Abin da zai hau sama ya bi ta kan gidajen mutane da idanunsu, ka ce ya tahi tsirara? In babu ita, ba ya tashi."

Agali ya sunkuyar da kai. Na san ba zai saɓa mata ba, ko da jirgin zai faɗi sau goma. Ga rana tana hawa, ga lokacin da aka ba mu yana ƙarewa, ga mutane sun zuba ido. In na yi gardama na ci, na ci mutuncin tsohuwa. In na jefa shi haka, farfela ta tafi da sunana.

Sai na durƙusa kusa da ita na ce, "Inna, in tambaye ki. Raƙumi a ina ake rataya masa laya?"

"A wuya mana."

"Doki fa?"

"A wuya. Yau ka zo duniya?"

"To wannan a wutsiya na same ta."

Ta juya ta dubi ɗanta, mutum mai furfura a gemu. "Agali! A gindi ka sa ta?"

"Anna, can ne kaɗai akwai wuri. Gaba wayoyi sun cika."

"Wayoyi! Kai da ka yi shekaru kana ƙera sirdi? Wa ya taɓa rataya laya a wutsiya? Dole ya yi tutsu, ko ni ce sai in yi!"

Fili ya ɗauki dariya, har wani ya zauna a ƙasa. Ni kuwa na buɗe hancin jirgin, na gyara wayoyi, na kwantar da layar can gaba na ɗaure ta da roba don kada ta yi yawo. Kai ya ɗan yi nauyi, sai na ja batir baya kamar faɗin yatsa. Na sake awo. Ya kwanta, hanci a ɗan sunkuye.

Na ba Agali ya jefa, ni na riƙe telekomandi. Na ce kada ya cilla shi sama kamar mai korar tsuntsu a gona, ya tura shi miƙe cikin iska. Ya tura. Jirgi ya ɗan nutsa, zuciyata ta bi shi, sannan ya ɗaga. Ya hau a hankali, ya zagaya aduwa sau uku, inuwarsa na gudu a kan fako. Na rage wuta tun batir bai gaji ba, na kawo shi ya sauka a kan cikinsa, farfela ko ƙwarzane babu.

Agali ya gyara rawani ya fuskanci jama'a. "Ku shaida, injin Alhaji Arzika lahiya lau yake. Shayinsa ne dai har yanzu ban gwada ba."

Abin da na ɗauka daga ranar nan biyu ne. Duk jirgin da ya fita ya dawo, sabo ne, ku sake auna shi ko da ku kuka auna jiya. Mutanenmu kuma ba sa barin abu ya fita hannunsu haka nan. Wani zai sa ado, wani tuta, wani addu'a, kuma in ka tambaya zai rantse bai ƙara komai ba. Kada ku ce ya zubar. Ku nema wa abin wurin zama.

Da muke naɗe kaya tsohuwa ta ce wa matan da ke kusa da ita layarta ce ta tashi jirgin. Ban yi musu ba. Ni na auna, kuma yatsuna biyu sun goyi bayanta.